Takaba a Ɗakin Lambu

Tun ranar Laraba aka fara faɗa a rediyo da talabijin cewa wata mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku, kuma Landan na kan hanyarta. Ba irin iskar da aka saba ba ce, wadda za ta juya wa mutum lema ta wuce. An ce wannan za ta yaye rufi ta tumɓuke bishiya, don haka ranar Juma'a kowa ya zauna a gidansa. Makarantu suka ce ba karatu, aka soke jirage, mutane suka cika kantuna suna kwasar burodi da kyandir.

Safura ba ta da talabijin, kuma ba wanda ya ga ya dace ya gaya mata. Tana zaune ne a ƙarshen lambun gidan Alhaji Hambali da ke unguwar Edmonton a Landan, cikin wani ɗakin katako da aka yi don ajiye injin yankan ciyawa. Nan Alhaji ya sauke ƙaninsa Abdulhakeem da matarsa Safura, wai kafin a samo musu flat, gidan haya nasu na kansu. Flat ɗin bai samu ba har Abdulhakeem, wanda ya zama direban yayansa, ya yanke jiki ya faɗi a farkon sanyi, aka kai shi asibiti bai dawo ba. Ya bar Safura da ciki, ya bar ta da takaba, ya bar ta a hannun mutanen da duk wanda ya gan su a masallaci zai rantse ba su iya kashe ƙuda ba.

Cikin nan shi ne abin da ya rage mata a duniya. Ya shiga wata na shida, ya fara motsi, kuma idan ya motsa sai ta ajiye abin da take yi ta dafa shi har ya lafa.

Labarin guguwa a bakin Awabu ta ji shi. Awabu 'yar zangon Kumasi ce, mai aikin kula da tsofaffi, gidan da council, wato hukumar unguwa, ta ba ta yana bayan shingen katakon da ya raba su da lambun Alhaji. Ta hau bokiti ta leƙo, da Hausarta da ba ruwanta da bambanta mace da namiji.

"Safura, kin ji? Iska babba yana zuwa ran Juma'a, sun ce red warning, gargaɗi mafi girma ke nan. Ɗaki nan naki ba zai tsaya ba. Dubi bishiya nan a kanki. Ki zagayo ki zauna wurina har ya wuce."

Safura ta ɗaga kai ta dubi bishiyar. Tsohuwa ce, rassanta sun yi wa ɗakin rumfa.

"Anti Awabu, takaba nake. An ce ba na kwana a ko'ina sai inda ya bar ni."

"Wa ya ce?"

"Yaya Alhaji."

Awabu ta ja tsaki har sai da bokitin ya girgiza. "To ki shiga babban gida. Shi ma gida ɗaya ne, ko ba haka ba?"

Gida ɗaya ne, amma tun ranar da aka yi sadakar uku Safura ba ta sake taka cikinsa ba. Hajiya Zulai, matar Alhaji, ita ta kafa dokar. 'Yarta Teema za ta yi aure, ɗan wani babban gida a Katsina, ana jiran mata su kawo lefe. Hajiya kuwa ta gaji wata magana daga kakarta, wai ƙafar mai takaba ba ta da kyau a gidan da ake shirin amarya, idan ta gifta kayan aure to auren ba zai yi ƙarko ba. Wannan mata ta yi shekaru a Landan, tana tuƙa mota, tana jin Turanci kamar a nan aka haife ta, amma camfin nan ta riƙe shi fiye da yadda ta riƙe sallar asuba. Saboda haka abincin Safura a kan dakalin ƙofar kicin ake ajiye shi, ta zo ta ɗauka, ta wanke kwanon a famfon lambu ta mayar.

Ranar Alhamis gidan ya tashi da shiri. Da hantsi Hajiya ta buɗe babbar ƙofar gilashi ta falo, wadda ke kallon lambu, ta ƙwala wa Safura kira.

"Zo ki taimaka mana da kayan nan, kar iska ta kwashe su ta fasa mana gilashi. Ki riƙa kawowa bakin ƙofa, Teema za ta karɓa. Kar ki shigo dai."

Safura ta yi ta jido da cikinta a gaba. Kujerun lambu na kaba, teburin ƙarfe, lemar shan iska, murhun gashi, tukwanen furanni masu nauyin tsiya. Tana kaiwa bakin ƙofa Teema na ja ciki da hannu ɗaya, ɗayan hannun na riƙe da waya. Aka shimfiɗa tsofaffin zannuwa a kan kafet aka jera tukwanen furanni, aka goge ƙafafun kujerun kafin a shigar da su. Har kyanwar gidan Teema ta bi ta kamo ta rungume, tana ce mata kar ta ji tsoro.

Da aka gama, Safura ta tsaya a dakali tana haki. Ta durƙusa kaɗan.

"Hajiya, na ce ko zan samu wuri ni ma, na gobe kawai. Ko a kicin ne, ko ƙarƙashin bene. Rufin ɗakin ko iska kaɗan aka yi sai ya riƙa ɗagawa."

Hajiya ta yi irin murmushin da take yi wa baƙi.

"Haba Safura. Ke ma kin san ba ƙinki nake ba. Ɗakin baƙi cike yake da kayan Teema, falo ga shi kin gani. Kuma kin san halin da kike ciki. So kike a ce ni na ɓata wa 'yata aure da hannuna? Turawan nan ma fa sun cika zuzuta abu. Bara haka suka yi ta warning, ko leda ba ta tashi ba."

"To me ya sa aka shigar da kujeru?"

Maganar ta fito ne ba ta shirya ba. Fuskar Hajiya ta canja.

"Kujeru ba sa takaba," ta ce, ta ja ƙofar.

Da yamma Alhaji Hambali ya fito zagayen ƙarshe, da jallabiya da ƙatuwar rigar sanyi. Safura ta gaishe shi daga nesa kanta a ƙasa, ta sake roƙo. Shi bai ɗaure fuska ba, ai shi mutumin kirki ne, a hankali yake yanka.

"Safura, hakkin marigayi ne a kanki ki zauna inda ya bar ki. Ba ni na ce ba, addini ne. Ki yi haƙuri, ki riƙe addu'a, babu abin da zai same ki sai abin da Allah ya rubuta. Kuma kin san matan nan, idan na sa baki a maganar gida sai a kwana ana rigima." Ya ɗan rage murya. "Kar ki kuskura ki kira kowa. In council suka ji mutum na kwana a nan, ke za a fara kwashewa a mayar gida, takardunki ba su gama daidaita ba."

Duk malamin da ya san abin da yake karantawa zai gaya maka mai takaba tana barin ɗaki idan ta ji tsoron ya faɗo mata. Alhaji ya san haka sarai. Amma addini a bakinsa kamar rigar sanyinsa ne, sai zai fita waje yake sa shi.

Daga nan ya yi abubuwa biyu da ya kira kiyayewa. Ya zare wayar wutar da aka ja daga kicin zuwa ɗakin Safura, wai kar ruwa ya taɓa ta gobara ta tashi. Hitar ɗumama ɗaki ta mutu, fitila ta mutu, wayarta ba inda za ta yi caji. Sannan ya ɗaure ƙyauren gefe, hanya ɗaya da ke fita daga lambun zuwa titi, da sarƙa da kwaɗo, don kar iska ta riƙa buga shi. Ya sa makullin a aljihu ya shige gida.

Juma'a ta waye shiru, har Safura ta fara tunanin ko gaskiyar Hajiya ce. Ta yi sallah, ta sha ruwan shayin jiya da ya huce, ta lulluɓa da bargo biyu da rigar sanyin Abdulhakeem. Wajen hantsi iskar ta iso.

Da farko gurnani ta ji daga nesa, kamar jirgin ƙasa na tahowa bai isowa. Sai ɗakin ya fara rawa. Kwanukan da ta jera suka zubo. Ta tagar roba ta ga kwandunan shara suna gudu a sama, ta ga wata ƙatuwar ragar tsallen yara ta wani gida ta wuce ta saman shinge tana juyi. Bishiyar kanta tana sunkuyawa tana miƙewa, tana wani irin kuka da Safura ba ta taɓa sanin itace na yi ba. Yaron cikinta ya yi ta harbi, ta rungume shi da hannu biyu tana karanta duk abin da ya zo bakinta.

Sai rufin ya tafi. Ba a hankali ba, lokaci ɗaya, ta ɗaga kai ta ga sama. Ruwa ya zubo mata kamar da bokiti, bargo ya jiƙe, bangon gefe ya karkato ciki. Nan ta manta da takaba, ta manta da council, ta manta da Yaya Alhaji. Ta fita.

Tsayuwa ba ta yiwu ba. Da rarrafe ta ratsa lambun, gwiwa da tafin hannu cikin taɓo, iska na fizgar hijabinta tana shaƙe ta. Ta kai ƙofar kicin, a kulle. Ta ja jiki zuwa ƙofar gilashi ta kama mariƙin ta miƙe, ta shiga bugu da tafin hannu.

Tana ganinsu. Falon da haske, da ɗumi, har tururin shayi tana gani. Alhaji na kan kujera yana kallon labaran guguwar a talabijin, ana nuna masa abin da ke faruwa a bayan gilashinsa. Teema na kwance da kyanwa a ƙirji. Kujerun lambu da teburin ƙarfe an jingine su a jikin ƙofar daga ciki.

Hajiya ce ta taso. Ta zo har gaban gilashin, tsakaninsu bai fi tsawon hannu ba. Safura ta nuna mata cikinta, ta nuna ɗakin da ba rufi, ta haɗa hannu biyu. Hajiya ta dubi ɗakin, ta dubi kujerun da suka tare ƙofar, ta waiga wajen matakalar da ke hawa ɗakin kayan Teema. Ba a jin magana ta gilashin, amma bakinta a fili yake. Tana cewa ki koma, yanzu za ta wuce. Ta yi mata nuni da hannu, irin wanda ake yi wa kaza.

Teema ta ɗago ta ce wani abu. Daga baya Safura ta ji abin da ta ce, wai a bar ta ta shigo: "Mummy, just let her in." Uwar ta juya ta yi mata tsawa, yarinyar ta mayar da abin jin waƙa kunnenta ta juya baya. Alhaji bai ko waigo ba. Ya san wanda ke bugun, shi ya sa.

Hajiya ta ja labule.

Safura ta ci gaba da bugun labulen da ba ya ganinta har hannunta ya mutu. Sai ta juya ta nufi ƙyauren gefe, ta tarar da sarƙa. Tana jan sarƙar nan ne babban reshen bishiyar ya karye. Bai faɗo mata kai tsaye ba, shingen ya fara doka, shingen kuma ya taho gaba ɗayansa ya make ta a baya ya kifa ta a kan cikinta, a kan simintin hanya.

Shingen da ya kayar da ita shi ya buɗe hanya. Awabu na tsaye a tagar kicinta tun safe, hankalinta na kan ɗakin katakon nan. Ta fito ba takalmi, ta taka katakan da suka zube, ta ja Safura ta ƙarƙashin hammata har cikin gidanta. Ta kira motar asibiti, aka ce mata tituna sun toshe da bishiyoyi, a yi haƙuri. Suka jira a ƙasan kicin, Awabu na tura tawul bayan tawul, tawul na jiƙewa da jini. Safura ba ta yi kuka ba. Hannunta na kan cikin tana jiran motsi ɗaya, motsin bai zo ba.

A asibiti aka haifi yaron da la'asar, namiji, ba rai. Nas ta naɗe shi a ɗan farin ƙyalle ta tambaye ta ko tana son ta gan shi. Ta karɓe shi. Komai nasa ya fito, har farce, kuma kunnuwansa irin na Abdulhakeem ne masu ɗan lanƙwasa a sama. Ta daɗe tana kallonsa. Baƙin cikin da ta ji ya wuce na ranar da uban ya mutu, domin wancan Allah ne ya ɗauka, wannan kuwa tana ganin fuskar wadda ta ja labule.

Mazan masallacin su Awabu, 'yan Ghana, su ne suka kai shi makwancinsa. Alhaji ya ce ai ɓari ne, ba sai an tara jama'a ba. Ga duk wanda ya kira shi jaje kuwa labari ɗaya yake bayarwa: Safura na cikin gida tare da su, ta dage sai ta fita kwaso shanya, an hana ta ta ƙi ji. Tsautsayi ne, in ji shi, kuma yaran yanzu ba sa jin magana.

Hajiya Zulai ta zo asibiti washegari da kular farfesu da turare a jiki. Ta zauna a bakin gado ta yi salati, ta matse ido har ta samu hawaye.

"Wallahi ban gane ke ce ba sosai, gilashin duk ruwa. Kuma da na buɗe ƙofar nan iska za ta shigo ta ɗage rufin gidan gaba ɗaya, haka suka ce a news. Ƙaddara ce, Safura. Allah ya sa mai ceto ne." Ta gyara mayafi, ta sassauta murya kamar mai kawo albishir. "Amma kin ga wani ikon Allah, Alhaji ya tambayi malam, an ce tunda kin sauka, takabarki ta ƙare ke nan. Yanzu ba wata matsala, sai ki dawo cikin gida. An ɗage kawo lefe zuwa Lahadi ta sama saboda jirage, kin ga sai ki taimaka mana da aiki in kin ji ƙarfi. Maganar shanya dai ita za mu riƙe, kar a ji bakinmu ya rabu."

Awabu da ke tsaye a gefe ta buɗe baki, Safura ta riƙe mata hannu.

"To, Hajiya," ta ce. "Zan zo."

Da aka sallame ta gidan Awabu ta sauka. Awabu ta yi ta fama da ita.

"Mu je police. Mata nan ya kashe miki yaro, miji nashi ya kulle ƙofa. Ni na gani da ido na, zan yi witness."

"Za mu je, Anti. Amma ba yanzu ba." Safura na kwance tana kallon silin. "Police za su rubuta, lauyansa ya zo ya yi Turanci, a ce guguwa ce. Ni na zauna da mutanen nan, na san inda yake musu zafi. Ba sa tsoron Allah, ba sa tsoron hukuma. Bakin mutane suke tsoro."

Kwanakin nan ba ta yi tunanin yafiya ba ko sau ɗaya, kuma ba ta ji kunyar hakan ba. Nono ya kawo ruwa ba mai sha, ya yi ta jiƙa mata riga, duk ɗigo ɗaya ƙara mata ƙarfin zuciya yake. Ta ci abinci don ta iya tsayuwa, ta sha magani don ƙafarta ta ɗauke ta.

Ranar Lahadi da azahar motoci suka cika layin. An share titi, an yanka bishiyoyin da suka faɗi an tara a gefe. Safura ta yi wanka, ta sa atamfarta mai kyau, ta zizara kwalli, abin da rabonta da shi tun rasuwar mijinta. Ta zagaya ta titi, Awabu na bayanta, ta danna ƙararrawar ƙofar gaba.

Falon ya cika da mata da ƙamshi. An fitar da kujerun lambu, an jera akwatuna a tsakiya an buɗe su, leshi da atamfa da mayafai da takalma ana ɗagawa ana yabawa. A kujerar tsakiya wata dattijuwa ce fara mai gilashi, gwaggon ango, wadda ta taso tun daga Katsina don ta jagoranci kawo kayan. Labulen ƙofar gilashi a rufe yake ruf, da rana tsaka.

Hajiya Zulai ta hango Safura ta taso da sauri. "Yauwa, ga matar ƙanin Alhaji. Wuce kicin, Safura, akwai..."

Safura ta wuce ta kamar ba ta ji ba. Ta ratsa tsakanin akwatunan, gefen zaninta na shafar kayan, ta je gaban dattijuwar ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata.

"Allah sarki, ke ce matar marigayin?" in ji gwaggon. "Mun ji rasuwa, Allah ya jiƙansa. Amma 'yar nan, ba takaba kike ba? Na ga kwalli."

"Na fita, Gwaggo. Ranar guguwa na fita."

"Kin haihu ke nan? Ina jaririn?"

"Yana maƙabarta."

Matan suka ajiye kayan da ke hannunsu. Hajiya Zulai ta ce, "Tsautsayi ne, Hajiya, ta fita kwaso shanya..."

"Ban da shanya," in ji Safura, ba ta ɗaga murya ba. "Ina zan samu igiyar shanya, ni da ko wutar lantarki an cire mini? Gwaggo, ki ba ni izini in nuna miki ɗakina."

Ta tashi ta je ta yaye labulen. Ba a gyara lambun ba tukuna. Ga ɗakin katako can ba rufi, bango ɗaya a kwance, katifa a jiƙe a cikin taɓo, tukunya da buta da dardumar sallah a warwatse cikin ciyawa. Matan suka miƙe suna leƙe.

"Nan nake kwana tun da aka kawo ni ƙasar nan. Ana gobe guguwa ni na kwaso kujerun lambu da cikina na kawo bakin ƙofar nan, aka shigar da su. Na roƙi wurin tsugunawa, Hajiya ta ce ƙafata za ta ɓata auren Teema. Yaya Alhaji ya ɗaure ƙyaure da sarƙa. Da rufin ya tashi na rarrafo na zo nan." Ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin. "Nan na tsaya ina bugu. Hajiya ta zo ta tsaya inda nake tsaye yanzu, ta kalle ni, ta kalli cikina, ta ja wannan labulen. Ga wadda ta tsame ni daga ƙarƙashin shinge, ku tambaye ta."

"Haka ne," in ji Awabu daga bakin ƙofa. "Jini nashi har yanzu bai fita a kicin nawa ba."

"Ƙarya ce," Hajiya Zulai ta ce. "Yarinyar nan tun rasuwar ba ta cikin hankalinta."

Dattijuwar ba ta dube ta ba. Ta ɗaga kai wajen matakala, inda Teema ta leƙo jin an ambaci sunanta.

"Ke amarya, sauko. Kina falon nan ranar?"

Teema ta sauko taki biyu ta tsaya. Ta dubi uwarta, ta dubi Safura, sai ta fashe da kuka, tana cewa ita ta ce wa uwar ta buɗe ƙofar. "I told her to open it," ta ce. "I told her."

Ba wanda ya buƙaci a fassara. Dattijuwar ta cire gilashinta ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Ta daɗe tana kallon ɗakin katakon.

"Ku rufe akwatunan," ta ce da matan da suka zo tare. "Mu ɗanmu ma mutum ne, zai iya mutuwa ya bar mata da ciki. Ba na kai jininmu inda ake haka ba."

Hajiya Zulai ta zube a gabanta tana rantsuwa, tana kamo gefen mayafinta. Alhaji ya fito daga ɗakinsa jin hayaniya, ya tsaya a ƙofa da carbi a hannu, ya ga mata na zuge akwatuna, wasu tuni sun ciro waya. Kafin magariba labarin zai kai Katsina da Kano da Abuja, kuma ya sani. Ya buɗe baki zai fara wa'azin ƙaddara, bai samu mai kallonsa ba.

Safura ta tsaya har aka fitar da akwati na ƙarshe. Ba ta ji daɗi ba, irin daɗin da ta zaci za ta ji, amma ta ji numfashinta na sauka har ƙasa, karo na farko tun ranar Juma'ar nan. Ta gyara mayafinta ta nufi ƙofa. Hajiya Zulai ta sha gabanta, ido jajir, ɗankwali a zame.

"Kin kashe wa 'yata aure. Hankalinki ya kwanta?"

"Bai kwanta ba," in ji Safura. "Teema za ta samu wani mijin in Allah ya so. Ni ba zan samu wani ɗan Abdulhakeem ba." Ta matso har suna jin numfashin juna. "Gobe zan je police, jibi council. Bayan nan kuma, duk suna, duk biki, duk ta'aziyyar da za ki je a garin nan, za ki tarar na riga ki zama. Ke da bakinki kika kawo mini albishir har gadon asibiti, Hajiya. Takabata ta ƙare, yanzu babu gidan da ba zan shiga ba."